Kwantenar zoɓonmu ta isa Meksiko a jiƙe: wane irin lauya ya kamata mu nema?

Ɗan Gagarawa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manyanmu da suka riga mu shiga harkar fitar da kaya waje, da lauyoyin da ke cikinmu in akwai.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gagarawa. Sana'armu sayen zoɓo da riɗi a hannun manoma, mu tara a sito, mu kai Maigatari ko Dawanau mu sayar wa masu fitarwa. Bara sai muka ce mu ma bari mu taɓa fitarwar da kanmu. Mu huɗu muka haɗa jari: ni, da yayana, da wani abokinmu malamin firamare, da gwaggonmu wadda ta sayar da shanunta ta zuba kuɗin. Wani dillali a Kano ya haɗa mu da mai saye a Meksiko. Mata suka tsince zoɓon tsaf, aka fitar da kara da yashi, aka yi masa hayaƙin kashe ƙwari, aka cika kwantena mai ƙafa 40, tan 12. Da yake ba mu da kamfani, wani ejan ne a Legas ya fitar mana da kayan da takardun kamfaninsa. Jirgi ya tashi daga Apapa a watan Fabrairu, aka sauke kaya a tashar Veracruz ta Meksiko cikin Afrilu.

Mai sayen ya ba da kashi 30 cikin ɗari kafin lodi, ragowar sai kaya sun isa. Da suka isa sai ga hotuna: buhunan layin sama sun yi baƙi ƙirin, fumfuna ta kama su, ƙasan kwantenar daga wajen ƙofa da alamar ruwa ya kwanta. Ya ce kusan sulusin kayan ya lalace, amma ragowar kuɗin gaba ɗaya ya riƙe. Ejan ya ce laifin kamfanin jirgi ne. Kamfanin jirgi ko amsa wasiƙarmu bai yi ba. Mai saye kuma ya ce zoɓon ne bai bushe ba. Wallahi a tsakiyar hunturu muka ɗura shi, in ka murza a tafin hannu karyewa yake yi.

Yanzu ga mu a Satumba. Lauyoyi uku ne a gabanmu. Akwai baristan Gumel wanda ya tsaya mana a shari'ar gona, mutumin kirki, ya ce zai rubuta wa ejan wasiƙa, in bai ji ba mu tafi Babbar Kotun Jiha. Akwai wani ofishin lauyoyi a Kano da suke yi wa mutane rajistar kamfani. Akwai kuma wani babban ofishi a Legas da ɗan yayana ya gano a intanet, su kuma sun ce sai mun biya kafin ma su karanta takardunmu. Yayana yana son na Gumel don mun san shi mun san gidansu. Malam yana son na Legas. Gwaggo ba ta cewa komai, sai dai duk ranar Alhamis in na dawo daga Maigatari ta tambaye ni ko an ji wani labari.

Ga kuma dillalin ya kawo sabuwar yarjejeniya ta kwantena uku a kakar bana, da wani mai sayen daban, shafi goma sha ɗaya da Turanci. To ta yaya mutum zai gane lauyan da ya san wannan aikin da gaske? Lauya ɗaya zai iya riƙe mana duka, har da buɗe kamfani?

Tsohon Ɗan Dawanau:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar da alheri, ya ba gwaggonka haƙuri.

Na tsufa a harkar riɗi, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kada ku bari zafin rai ya kai ku caji ofis. Na ga waɗanda suka sa aka kama musu ejan, ya kwana biyu ya fito, daga ranar ya daina ɗaga waya, kuma takardun da suke buƙata duk suna hannunsa. Ku kuwa yanzu takarda kuke nema a wurin mutumin nan kafin kuɗi.

Baristan Gumel kada ku yar da shi. Amana ba a sayenta a kasuwa. Amma ba a kai ciwon ido wurin mai ɗori, komai ƙwarewarsa. Ku tambaye shi cikin ladabi ko ya taɓa riƙe shari'ar kayan da suka lalace a jirgin ruwa. Mai gaskiya ne, zai faɗa muku. In ya ce bai taɓa ba, sai ku roƙe shi ya zama idonku, ya nemo muku wanda ya iya, ya riƙa fassara muku abin da ake ciki da Hausa. Lauyoyi sun san junansu fiye da yadda intanet ta san su.

Ni dai yadda nake gwada lauya ba wuya. Nakan zuba masa takarduna in yi shiru. Wanda ya san aikin, abin da zai fara laluba shi ne bil of ledin, wato takardar shaidar ɗaukar kaya a jirgi, ya juya bayanta ya karanta ƙananan rubutun nan, sannan ya tambayi ranar da aka sauke kaya. Wanda ya fara da "Alhaji ai mun ci wannan shari'ar" tun bai buɗe fayil ba, nakan yi masa godiya in sa takalmina.

Shawarata kuwa a nemi sulhu. Kwantena ɗaya ce. Shari'a da kamfanin jirgi tana iya cinye abin da ya fi kuɗin zoɓon da ya lalace. Ku sami dattawan kasuwa su zauna da dillalin, tunda shi ya kawo mai sayen kuma yana son ci gaba da cin abinci da ku, a matsa wa na Meksiko ya biya kuɗin kashi biyun da shi da bakinsa ya ce lafiyarsu ƙalau.

Barista Mai Ofis a Kano:

Malam, sannu da wannan jarrabawa. Ni aikina kamfanoni da yarjejeniyoyin kasuwanci ne, kuma abin da zan faɗa haske ne kawai, hukunci sai wanda ya riƙe takardunku a hannu.

Kuna ganin matsala ɗaya ce, alhali guda uku ce a ɗaure wuri ɗaya, kuma kowacce da ƙofar da ake shigar mata. Akwai tsakaninku da mai saye, wannan ciniki ne. Akwai tsakanin mai kaya da kamfanin jirgi, wannan dokar sufurin teku ce. Akwai kuma tsakaninku da ejan, wanda ya fitar da kayanku da sunansa.

Bari in daɗe a kan ta jirgi, don ita ce lokaci yake ci. Sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, tare da dokar hurumin shari'ar teku ta 1991, sun ba Babbar Kotun Tarayya ita kaɗai ikon sauraron ƙarar ɗaukar kaya a jirgin ruwa. In aka kai ƙarar kamfanin jirgi Babbar Kotun Jiha, lauyoyinsu ba za su ma taɓa maganar zoɓo ba, hurumi kawai za su ƙalubalanta, a kori ƙarar bayan an ɓata watanni. Kotun Tarayya tana da reshe a Kano da Dutse, amma yawancin irin wannan shari'a a Legas ake yin ta, can tashar take, can ofisoshin kamfanonin suke, can shaidu suke.

Sai wa'adi. Tsohuwar dokarmu ta ɗaukar kaya a teku, wadda aka gina a kan ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na Hague na 1924, shekara ɗaya ta bayar daga ranar da aka miƙa kaya. A 2005 Najeriya ta mayar da ƙa'idojin Hamburg doka, su kuma shekara biyu suka bayar. Lauyoyi suna jayayya a kan wadda ke aiki a wace shari'a, kuma rubutun bayan bil of ledin yana da ta cewa. Mai hankali ya ɗauki shekara ɗaya. Kayanku an sauke su a Afrilu, ke nan wata biyar sun riga sun tafi.

A nan ne zan ɗan ƙara a kan maganar Baba, da girmamawa. Sulhu shi ne daidai, ni ma shi zan fara nema. Amma zaman sulhu ba ya tsayar da wa'adi. Kamfani yana iya yi muku "muna dubawa" har shekara ta cika, daga nan ya rufe ƙofa. Lauyan da ya san aikin zai nemi su ƙara wa'adin a rubuce, in sun ƙi ya shigar da ƙara a ajiye, sulhu ya ci gaba. Maganar Baba a kan caji ofis kuwa doka ma tana bayanta, don Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai.

Tambayar da ta fi damuna ita ce wa ke da ikon yin ƙarar. Kamfanin jirgi bai san ku ba, sunan da ke kan bil of ledin ya sani, shi ya sa bai amsa muku ba. In kuma cinikinku FOB ne ko CIF, wato sharuɗɗan ciniki da ke faɗin wa zai biya kuɗin jirgi da inshora, asarar hanya tana komawa wuyan mai saye tun daga lokacin da kaya suka hau jirgi. In haka ne, shi ya kamata ya bi kamfanin jirgi ko inshora, ku kuma ya biya ku kuɗinku, sai fa in ya tabbatar zoɓon da laimarsa aka loda shi. Ka ga ke nan mai yiwuwa ƙararku mafi ƙarfi ba ta jirgi ba ce sam. Hotuna ba sa raba wannan gardama. Rahoton masanin duba ɓarnar kaya ne ke rabawa: ko rufin kwantenar a huje yake, ko robar ƙofa ta mutu, ko gumi ne ya taru a rufi ya ɗigo. Har gwaji suke yi da sinadarin silba naitiret don a gane ruwan gishiri ne ko a'a. Ku tambayi mai sayen ko an yi wannan binciken, ko kuma ya sanar da kamfanin jirgi ɓarnar a rubuce lokacin da ya karɓi kaya.

Game da zaɓen lauya, lauyoyi uku ba sa nufin biya uku. Abin da zan yi in ni ne: ofishi ɗaya a kusa, wanda za ku iya shiga mota ku je ku zauna da shi, ya riƙe kamfani da yarjejeniyoyi. Shi kuma ya ɗauko masanin shari'ar teku a Legas don aiki ƙayyadadde, wato ya karanta takardu ya rubuta ra'ayinsa: akwai ƙara ko babu, a kan wa, a wace kotu, nawa za ta ci, nawa ake sa ran samu. Kuɗin da na Legas suka nema don karatu ba zalunci ba ne in dai rubutaccen ra'ayi za su ba ku. Ku tambayi sunan lauyan da zai riƙe fayil ɗinku da hannunsa, don sau da yawa babban da kuka gani a hoto ba shi zai yi aikin ba. Ku nemi lambar rajistarsa ta Kotun Ƙoli, ku ga hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, na bana a kan takardarsa. Kuɗin aiki a rubuta shi, a raba ladan lauya daban, kuɗin kotu da na tafiya daban. Ba dole sai mai muƙamin SAN, wato babban lauyan Najeriya, ba a kan kwantena ɗaya.

Sabuwar yarjejeniyar kuwa, don Allah kada a sa mata hannu sai an karanta. A duba dokar wace ƙasa ce za ta yi hukunci, a ina za a zauna in an saɓa, da kuma inda za a auna ingancin kaya, a wurin lodi ko a wurin sauka. Wannan layin na ƙarshe shi kaɗai zai iya raba ku da irin gardamar da kuke ciki. In an rubuta abitireshan, wato masu raba gardama da ɓangarorin biyu suka yarda da su a wajen kotu, ba abin tsoro ba ne. Najeriya da Meksiko duk suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958, don haka irin wannan hukuncin ya fi sauƙin zartarwa a can fiye da na kotunmu. Sai dai in an ce a Landan za a zauna, ku lissafa kuɗinsa tun yanzu.

Bahaɗejen Apapa:

Yallaɓai Barista ya gama magana, ni ɗan ƙari ne daga bakin tasha, don aikin fitar da kwantena nake yi.

Ɗan'uwa, ka duba takardar da ejan ya ba ku da kyau. Bil of ledin iri biyu ce. Akwai wadda kamfanin jirgi ya buga da tambarinsa, akwai kuma wadda ejan yake bugawa da kansa ya ba abokin cinikinsa. In ta biyun ce a hannunku, to ku da ejan ne kuka ƙulla, shi kuma ya ƙulla da jirgi. Sannan ka tambaye shi wa ya ba da umarnin a saki kaya a can alhali ba a biya kashi 70 ba. Kwantena ba ta fita tasha haka kawai. Ko dai an aika wa mai saye takardun asali, ko an yi sakin teles, wato an aika saƙo daga nan a saki kaya ba tare da takardun asali ba. Wani ne ya sa hannu.

Abu na biyu, manyan ofisoshin shari'ar teku a Legas da yawansu kamfanonin jiragen ne abokan cinikinsu na dindindin. Kafin ka ba su sirrinka, ka faɗi sunan kamfanin jirgin ka tambaye su ko suna yi masa aiki. Na kirki zai ce maka eh, ya tura ka wani wuri.

Kuma ku kai koke hukumar Shippers' Council, suna da ofis a Kano. Suna da sashen sauraron koken masu kaya, suna kiran kamfanin jirgi da ejan a zauna. Shi ma ejan ɗin ba a kwance yake ba, don fom ɗin NXP, wato fom ɗin banki na fitar da kaya, da sunan kamfaninsa aka buɗe, kuma Babban Banki kwana 180 ya bayar a dawo da kuɗin kayan da aka fitar. Yana da dalilinsa na son kuɗin nan su shigo.

A lodi na gaba, kafin a sa buhu ko ɗaya, wani ya shiga cikin kwantenar a rufe shi da rana tsaka. In ya ga haske ko kamar ƙofar allura, a mayar da ita. A ɗauki hoton lamba da na hatimin ƙofa.

Hajiya Mai Riɗi:

Ni gwaggon nan ce ta tsaya mini a rai. Ƙanena, yau in kuɗin nan suka fito, asusun wa za su shiga? Na ejan. Mace ta sayar da shanunta, kuma babu takarda ko ɗaya a duniya da ta nuna tana da ko buhu guda a kwantenar nan.

Ku buɗe kamfani kafin kaka. Ba rajistar sunan kasuwanci ba, cikakken kamfani mai hannun jari, ko kuma ƙungiyar gama-kai mai rajista, don su ne hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC, take ba takardar shaidar mai fitar da kaya. Da ita za ku buɗe NXP a bankinku, bil of ledin ta fito da sunanku, kuɗi su faɗo asusunku. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa abin, mafi ƙarancin jarin da ake rubuta wa ƙaramin kamfani naira 100,000 ne, mutum ɗaya ma yana iya buɗewa.

Amma rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ita ce mai sauƙin. Masu shagon kwamfuta ma suna yi. Inda ake gane lauyan kamfani shi ne tambayoyin da zai yi muku. Lokacin da muka buɗe namu ni da 'yan'uwana, lauyarmu ta zaunar da mu ta ce: in ɗayanku ya rasu, magada za su shigo kamfani ne ko za a kimanta kasonsa a biya su? In wani yana son fita, wa zai fara saye? Mutum nawa za su sa hannu kafin a cire kuɗi? Wanda yake yawon ƙauyuka yana awo, albashi zai ɗauka ko ƙarin kaso? Ranar mun ji nauyin maganar mutuwa, amma da babban yayanmu ya rasu, takardar nan ce ta sa muka raba da 'ya'yansa ba tare da an ɗaga murya ba. Ku nemi wanda ya san dokar kamfani kuma ya san rabon gado na Musulunci, irinsu suna nan a Kano. Kuma ranar zaman a tafi da gwaggo, a karanta mata da Hausa, ta ji kasonta da kunnenta.

Ɗan Gagarawa:

Allah ya saka muku da alheri, Baba, Barista, Hajiya da ɗan'uwana na Apapa. Jiya da daddare muka baje takardun a tabarma ni da Malam. Bil of ledin ɗin da tambarin ejan take, ba na kamfanin jirgi ba. A takardar ciniki an rubuta CIF Veracruz. A lissafin da ejan ya ba mu akwai layin kuɗin inshora, mun biya, amma takardar inshorar kanta ba mu gan ta a cikin fayil ba.

Na je Gumel da safe. Barista ya ce gaskiya bai taɓa yin shari'ar teku ba, kuma ya ji daɗi da aka ja hankalinsa kan Kotun Tarayya. Ya ce yana da abokin karatu a Legas da wannan ne aikinsa, zai kira shi, kuma zai raka mu ofishin na Kano ranar Litinin. Yayana ya yarda. Dillali yana ta kira a kan sabuwar yarjejeniyar, na ce masa sai lauya ya gani.

Barista, wannan maganar inshorar, tana taimakonmu ne ko tana cutar da mu?

Barista Mai Ofis a Kano:

Tana iya yin kowanne, Malam. A cinikin CIF wajibin mai sayarwa ne ya saya wa kaya inshora ya miƙa wa mai saye takardarta. In an saya kuma an miƙa, to shi ne zai bi kamfanin inshora, kuma hujjarsa ta riƙe muku kuɗi ta yi rauni sosai. In ba a saya ba, zai ce ku kuka saɓa, ku kuma sai ku juya kan ejan da ya karɓi kuɗin.

Ko an saya ma, a duba wace iri ce. Sharuɗɗan inshorar kaya hawa uku ne, A da B da C. Cinikin CIF hawa mafi ƙanƙanta, wato C, kawai ya wajabta in ba a rubuta wani abu daban ba, ita kuwa irin gobara da nutsewa da karon jirgi take ɗauka, ba ta biyan jiƙewa irin wannan. Hawan A ne mai faɗi, amma ita ma ba ta biya in laimar daga jikin kayan take.

Kafin Litinin, baristanku ya rubuta wa ejan wasiƙa mai laushi ya nemi abu huɗu: takardar inshora, kwafin bil of ledin ta kamfanin jirgi gaba da baya, umarnin da aka bayar na sakin kaya, da takardun binciken da aka yi wa zoɓon kafin lodi. Ku kuma kada ku goge saƙon WhatsApp ko ɗaya tsakaninku da shi, da dillali, da mai saye, musamman wanda ya ce sulusi ne kawai ya lalace. In ejan ya ce ba shi da takardar inshorar, a sa ya faɗi hakan a rubuce.